Kafin Ki Ce "A Ba Ni Mai Ƙarfin": Jawabin Masu Kayan Kwalliya

 

Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba, ma'aji da sakatariya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka yarje mana kuma suka rako mu, muna yi wa kowa barka da zuwa. Waɗanda suka taso daga Kurfi da Birchi da Barkiya, da na Karofi da Makera da cikin garin Dutsin-Ma, sannunku da hanya.

Da aka ce bana ɓangarenmu na masu kayan kwalliya ne zai yi magana a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiya, mun zauna mun yi ta shawarar mi za mu ce. Lissafin adashe da na rance ma'aji ta riga ta karanto. Sai muka ce bari mu yi magana a kan abin da muke sayarwa da hannunmu, wanda ya taɓa sa mu kuka, wato man miƙar da gashi, wanda duk muka sani da rilaza. Wata za ta ce, yo duk tsadar abincin nan da ake ciki, sai maganar gashi? Ku yi haƙuri ku saurara. Wannan magana ta lafiyar ɗiyanmu ce, kuma ta amanar da ke tsakanin mai saye da mai sayarwa ce.

Wata Laraba, ana tsakiyar cin kasuwar Dutsin-Ma, wata mata ta zo rumfar ɗaya daga cikinmu da ɗiyarta, saura mako guda a ɗaura mata aure. Ba za mu faɗi sunan 'yar'uwar tamu ba, don ko wacece a cikinmu ke zaune a rumfar ranar, abin da za ta yi kenan. Uwar ta ce, "Hajiya, gashin yarinyar nan ya gagari mai kitso, mataji nawa ya karya. A ba ni mai ƙarfin." Aka buɗe babban bokiti, aka ɗebo na awo a 'yar roba, aka karɓi kuɗi, aka yi godiya.

Da suka koma gida, ƙawar amarya ta tsefe mata kitso da tsinke, ta sosa mata amosani sosai, nan take ta lafta mata man tun daga fata har bakin gashi. Yarinya ta ce yana yi mata zafi. Aka ce ta daure, in bai yi zafi ba bai ci ba. Aka bar shi har aka sauke tuwo. Sannan aka wanke da sabulun wanka. Washegari ɗankwali ya manne da kanta, fatar tana tsatsar ruwa. Gashin ya dinga karyewa a hannu, kuma akwai wani wuri a tsakiyar kai da har yau bai sake fitowa ba.

Uwar ta dawo bayan biki. Ba ta yi faɗa ba, ba ta nemi kuɗinta ba. Ta ɗaga mayafin yarinyar kawai ta ce, "Hajiya, dubi. Mi ya sa ba ki gaya mini ba?" Wallahi ba mu da amsa. Duk abin da ya kamata a gaya mata yana nan rubuce a jikin bokitin: minti nawa, yadda ake shafawa, da abin da ake wankewa da shi. Mu ne ba mu iya karantawa ba. Mun yi shekaru muna sayar da abin da ba mu san mi aka rubuta a jikinsa ba.

Wannan yana cikin abin da ya tura da yawanmu ajin yaƙi da jahilci, muna da shekara arba'in da wani abu, muna zaune a benci da allo da fensir kamar jikokinmu. Da muka fara haɗa baƙi, sai muka dinga kai wa malama kwalaye da robobin kayanmu tana karanta mana muna maimaitawa. Abin da ya fi ƙarfinmu kuma, ɗiyanmu da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Isa Kaita suka fassara mana. Abin da muka koya shi ne za mu ba ku yau.

Da farko, mene ne rilaza? Masu haɗa sabulu a cikinmu sun san soda, sun san yadda take cin hannu in ba a sa safa ba. To sodar nan ita ce a cikin rilaza mai yawa, musamman na bokiti. A jikinsa za ki ga an rubuta sodium hydroxide, ko kuma lye. Akwai kuma na kwali wanda ake rubuta no-lye, wanda ke zuwa da 'yar kwalba a haɗa a juya kafin a shafa. Shi ba soda ba ce, amma ɗan'uwanta ne, yana ƙona fata shi ma in an yi sakaci. Masana suna da ma'aunin da suke auna irin wannan kaifi, daga 0 zuwa 14. Ruwa yana kan 7. Fatar kanmu da gashinmu suna wajen 5. Rilaza kuwa yana tsakanin 12 da 14, wato yana can ƙarshen ma'auni.

Ku tuna da kanwa a tukunyar wake. Kaɗan ta sa ya nuna da wuri, in ta yi yawa ko ya daɗe a wuta, sai ya dame ya zama fate. Haka rilaza yake yi wa gashi. A cikin kowane sili akwai wasu ƙulle-ƙulle da ido ba ya gani, su ne ke sa shi murɗewa, kuma su ne ƙarfinsa. Man yana shiga ya tsinka su, sai gashin ya kwanta. Abin da ya tsinke ba ya sake ɗinkuwa. Shi ya sa duk gashin da aka sa wa rilaza ya fi na asali rauni, ko da kuwa yana sheƙi.

Masu ɗinki, wannan naku ne. Wani baƙar fatan Amurka mai suna Garrett Morgan, mai gyaran keken ɗinki a birnin Cleveland, yana haɗa wani ruwa ne don kada allura ta riƙa ƙona yadi, sai ya lura ruwan ya miƙar da gashin wani ƙyalle. Ya gwada a jikin karen maƙwabcinsa, sannan a kansa. A 1913 ya kafa kamfanin sayar da shi. Kun ga tun asali ba a haɗa shi don ciyar da gashi ba. Sinadari ne mai kaifi, ba man kitso ba.

Na biyu, kalmomi uku da kowace mai saye ya kamata ta gane ko da ba ta iya Turanci ba: Mild, Regular, Super. Mild shi ne mai sauƙi, Regular matsakaici, Super mai ƙarfi. Duk wadda ta zo rumfa Super take nema, don a ganinta gashinta ya fi na kowa tsauri. Har muna tsokanar mutanen Tsauri ta ƙasar Kurfi, mu ce kowa ya zo sai ya ce kansa daga garinku yake.

Amma akwai bambanci tsakanin gashi mai cika da gashi mai kaurin sili. Wata kanta a cike yake tam, mai kitso sai ta yi gumi, amma in kika ciro sili ɗaya za ki ga siriri ne. Cikarsa ce da cuɗewarsa ke ba da wahala, ba ƙarfinsa ba. Irin wannan in aka sa masa Super, cinye shi yake yi. Ga yadda ake ganewa: ki ɗauki sili ɗaya daga mataji, ki ajiye shi kusa da zaren ɗinki. In ya fi zaren siranta sosai, ko ba kya jin sa tsakanin yatsu, Mild ko Regular ya ishe ki. In ya kusa kaurin zaren, kuma Regular ya kasa kwantar da shi a cikin lokacin da aka rubuta, nan ne ake maganar Super, kuma a hannun wadda ta iya. Wadda ta rina gashi ko take yawan sa baƙin lalle, ta nisanci Super gaba ɗaya, kuma ta bar aƙalla mako biyu tsakanin rini da rilaza.

Sau da yawa ma abin da muke kira tsauri, bushewa ce. Ga hunturu, ga ruwan rijiya da na burtsatse mai cin sabulu, ga kai a rufe wata guda ba a jiƙa shi ba, sannan a zo a dirar masa da mataji a bushe. Wane gashi ne ba zai yi gardama ba?

Tsakanin mai soda da na kwali kuma, mai soda yana aiki da sauri, yana kuma cin fata da sauri, don haka na ƙwararrun masu gyaran gashi ne. Na kwali ya fi sauƙi ga fata, shi ya fi dacewa da gida, amma yana busar da gashi, sai an bi shi da mai da kulawa. In an haɗa shi kuma, a ranar ake amfani da shi. Ragowar zubarwa ake yi, ba a ajiye wa ƙanwa sai wani mako.

Na uku, abin da za ki duba kafin ki miƙa kuɗi. Ki duba lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, har da kayan shafe-shafe. Ki duba inda aka rubuta EXP, nan ne ranar lalacewarsa take. Ki duba sunan kamfani da inda yake. Ki tabbatar murfin a liƙe yake, kuma takardar bayani na ciki. In na kwali ne, ki ga akwai shamfon da ke kashe kaifin man. Sunaye irin su Ozone, Dark and Lovely, ORS da Mega Growth duk kun san su, amma suna kaɗai bai isa ba, don duk abin da ke da kasuwa ana yi masa jabu. In kika ga farashi ya faɗi ƙasa da yadda kowa ke sayarwa, ki tuna araha ba ta ado. Mu ma da muke saro kaya a Sabon Garin Kano ko babbar kasuwar Katsina, yanzu sai mun juya kwali mun karanta kafin a ɗaure mana.

Na huɗu, yadda ake sawa, don ko man ƙwarai ne hannu na iya ɓata shi. In kika tsefe kitso, ki bar kan ya huta kwana biyar zuwa mako guda. Kada ki sosa, kada ki wanke kwana biyu ko uku kafin ranar. In akwai ƙurji, ciwo ko makero, a fasa har sai ya warke. Ki fara gwadawa a kan 'yan silin da kika tara daga mataji, ki ga minti nawa suke ɗauka, ki ja su ki ga ko sun tsinke. A shafa basilin a goshi, da kunnuwa, da ƙeya, da tsagar kai. Mai shafawa ta sa safar hannu. A yi a wurin da iska ke shiga.

Sannan a ajiye agogo ko waya a gaba. Lokacin yana fara ƙirguwa ne daga shafawar farko, ba daga lokacin da aka gama ba. Yawanci bai wuce minti 15 zuwa 20 ba, amma abin da aka rubuta a takardar shi ne alƙali. Ba a auna shi da nunar tuwo ko ƙarewar fim. In ya fara zafi, ba ci yake yi ba, fata yake ƙonawa, a tashi a wanke. A zuba ruwa mai ɗumi da yawa, sannan a sa shamfon nasa. Da yawansu kumfarsu na yin ruwan hoda in akwai sauran mai a kai, sai a yi ta maimaitawa har kumfar ta fito fara. Sabulun wanka ba ya wannan aiki.

Gashi yana tsiro kamar santimita ɗaya a wata, bai kai faɗin yatsa ba. Don haka a bar aƙalla mako takwas kafin a sake, in an kai wata uku ya fi. Kuma sabon tsiron kaɗai ake shafa wa, ba a maimaita wa wanda ya riga ya kwanta. Bayan an yi, a bar kai kamar mako biyu kafin a yi ƙananan kitso masu ɗaurewa. Rilaza yau, kitso mai ja gobe, shi ne ke cinye mana gaban goshi. Iyayen amare, in za a yi, a yi tun saura mako uku ko wata guda, ba ana gobe kamu ba.

In tsautsayi ya sa ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 zuwa 20, a wuce asibiti. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a ɗauki robar a ruga da shi asibiti. Ku ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, don fari ne kamar kindirmo.

Akwai maganar da ba za mu ɓoye muku ba, ko da za ta rage mana ciniki. A watan Oktoba na 2022, masu bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000 na kusan shekara 11. Sun gano cewa a cikin matan da ba su amfani da man miƙar da gashi, ƙasa da 2 cikin 100 ne ake hasashen za su kamu da kansar mahaifa kafin shekara 70. A cikin masu sawa fiye da sau huɗu a shekara kuwa, kimanin 4 ne cikin 100. Su kansu masu binciken ba su ce sun tabbatar man ne ke haddasawa ba, kuma ba su kama sunan wani kamfani ba. Cutar ba ta da yawa, kada hankalin kowa ya tashi. Amma in kunne ya ji, jiki ya tsira: a rage yawan sawa, kuma kada a bari ya taɓa fatar da ke da ciwo. Haka kuma akwai wani sabon yayi da ake cewa keratin, a shafa sannan a bi da ƙarfe mai zafi. Wasunsu na ɗauke da formalin, ruwan da ake adana gawa da shi, kuma tururinsa na cutar da mai yi da wadda ake yi wa. In kin ga formaldehyde ko methylene glycol a jiki, ki ajiye.

To, dole ne sai da rilaza? A'a. Iyayenmu sun yi shuku da kalaba da doka ba su san shi ba. Ki jiƙa karkashi ki wanke kai da shi, santsinsa na warware cuɗewa. Ki raba gashin gida huɗu ko shida, ki taje shi da danshi, da mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa tushe. Ki bi shi da man kaɗe, ko man shanu, ko alayyadi, ko man kwakwa. In miƙewa kike so, ɗaurin zare na kwana biyu ko uku yana miƙar da shi ba wuta ba sinadari. Mai son matajin ƙarfe ko na lantarki kuma, ta sani miƙewarsa ta ɗan lokaci ce, ruwa na taɓawa zai koma. Wasu na lantarkin suna kai zafin digiri 230, alhali ruwa a 100 yake tafasa. Kada a sa wa jiƙaƙƙen gashi, kada a fara da ƙarshen zafi, kada a mai da shi na kullum. Na gawayi kuwa, a fara ɗora shi a kan farar takarda, in ta yi ja, zai ƙona gashi.

Yara kuma, don Allah mu tausaya musu. Fatar kansu ba ta kai tamu ƙwari ba. Ko da an zana 'yar yarinya tana murmushi a jikin kwalin, sinadarin nan ne dai a ciki. Kukan tsifa na rabin awa ya fi tabon da za ta girma da shi. A bar ta ta girma ta zaɓa da kanta.

Saboda haka mu masu kayan kwalliya na wannan ƙungiya mun ɗauki alkawari huɗu a gabanku. Mun daina sayar da na awo, don robar da ba rubutu ba ta iya gaya wa kowa komai. Ba za mu ajiye wanda ba lambar NAFDAC ko wanda kwanansa ya wuce ba. Ba za mu miƙa Super ba sai mun tambayi wa za a sa wa, kuma yaushe aka sa na ƙarshe. Kuma duk wadda ba ta iya karatu ba, za mu karanta mata mintocin, mu rubuta mata lambar da manyan baƙi a jikin kwalin.

Ba za mu ce abin ba ciwo ba. Na awo yana da riba, kuma shi ne mai ƙaramin ƙarfi ke iya saye. Wasu sun yi fushi sun wuce rumfar gaba. Ga wadda kuɗinta bai kai ba, muna ba ta shawara ta jinkirta, ko mu haɗa ta da karkashi da man kaɗe, waɗanda 'yan ƙungiyar nan ne ma ke sayar da su. Muna roƙon uwar ƙungiya a duba yiwuwar mu riƙa haɗa kuɗi muna saro kaya tare daga hannun dila guda da muka amince da shi, don farashi ya sauko.

Ku kuma iyayen gida maza, in an ce a ba da kuɗin gyaran kai, kada a ba da rabi a ce a je a sayo na awo. Kuma a rage cewa "kanki kamar na wance," don sau da yawa wannan kalmar ce ke kai mace ga bokiti. Ku 'yan'uwa da ba ku shiga aji ba tukuna, benci na nan, malama na nan, ba wanda ya tsufa da karatu. Ko EXP da lambobi kaɗai kika iya ganewa, kin tsare gidanki daga abubuwa da yawa, har da maganin da kwanansa ya wuce.

Matar nan da muka ba ku labari, har yanzu tana zuwa kasuwar Laraba, kuma a wurinmu take sayayya. Kwanan baya ta zo da ƙanwar amaryar. Ta ɗauki kwali ta miƙo ta ce, "Hajiya, karanta mini." Aka karanta mata tun daga sama har ƙasa, aka duba kan yarinyar, aka ce ba ta buƙata. Ta sayi mataji da man kaɗe ta tafi.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda muka yi kuskure, ku yafe mana, ɗalibai ne mu. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba mu zaman lafiya a Dutsin-Ma da Kurfi da jihar Katsina baki ɗaya, ya kai mu na baɗi da rai da lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.